Rabe-raben Masu Jiran Alat

Ana auna gamsuwar mai biyan kuɗi ta waya da tsawon tsayuwarsa a gaban mai kaya kafin alat ya shigo. A makon nan ma an ga magidanci ya wuni a bencin mai shayi. Ya sha, ya tura, kuɗin sun fita daga asusunsa, ba su sauka ko'ina ba. Masu wannan jira sun kasu gida huɗu.

Na farko matasa. Wayar kowannensu na ɗauke da OPay da PalmPay da Moniepoint, jimillar abin da ke ciki bai kai kuɗin awara ba. Su suka fi kowa gamsuwa, domin sabis ba ya yanke wa wanda ba shi da abin turawa.

Na biyu dattawan kasuwa. Alhajin Kantin Kwari ba ruwansa da rasit, sai wayarsa ta yi ƙara. Wayar tana aljihun 'yar ciki, 'yar ciki tana ƙarƙashin taguwa, taguwa tana ƙarƙashin babbar riga. In an tono ta, sai a nemi tabarau. Tabarau yana mota, makullin mota yana hannun yaro, yaro ya tafi sayen goro. Bayan ya dawo a duba, ashe saƙon tallan data ne. Nan ladan zai kira salla, Alhaji ya ce, "Bari mu idar, ɗana."

Na uku matan aure da ake tura wa kuɗin adashi ta asusun maigida. A wannan rukuni, maigida ne yake gamsuwa.

Na huɗu mutanen karkara, masu hawa tudu neman sabis, waɗanda mai POS ya fi su sanin lambar sirrin katinsu. Su aka fi gasa wa aya a hannu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da talaka ya riƙa sayen naira da naira. Kuma duk turin da ya kai naira 10,000 ana zare masa naira 50, babu ko sannu.

Maroƙa ba sa cikin lissafi, domin ba a liƙa taransifa a goshi. Amma wasunsu sun koma rera lambar asusu a tsakiyar kirari. Mai kyautar yakan tsaya a fili, kiɗa na tashi, yana dannawa, kuma ba a ambaton sunan kakansa sai alat ya shigo.