Jama'ar da Ke Zauren Tsofaffin Wasannin Gem

Akwai wani nau'in wasan gem da Japanawa suka ƙware a kai tun shekarun 1980. Yaro ɗan ƙauye ya ɗauki takobi, ya tara abokan tafiya, da boka da mai magani da ɓarawo ɗaya mai kirki, su bi gari-gari suna kashe dodanni har su ceci duniya. Dragon Quest ya fito a 1986, Final Fantasy ya biyo shi a 1987, dukkansu a kan Famicom ta kamfanin Nintendo. Na'urorin sun tsufa, kaset ɗinsu ya yi tsada, sai aka shiga kwaso wasannin ana dawo da su kan kwamfuta. Wasu kamfanonin ne da kansu ke sayar da su a kasuwar intanet ta Steam, wasu kuma ana buga su ta emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi shigar tsohuwar na'ura. Aikin ke nan a taƙaice. Abin kallon shi ne jama'ar da ta taru a kansa.

Na kan gaba shi ne Malam Da-Can. A wurinsa duk wasan da ba a kan talabijin mai doro aka buga shi ba, ba a buga shi ba. Ya sayi kwamfutar da kuɗinta zai sayi babur, allonta tas, sannan ya kwana yana neman manhajar da za ta mayar da hoton dishi-dishi da layi-layi irin na 1994. Sai hoton ya lalace yadda yake so, ya yi ajiyar zuciya ya ce yanzu aka zo wurin. Abin haushi, yana da 'yar gaskiya. Masu zanen Super Nintendo a fili mai ɗigo 256 a kwance da 224 a tsaye suka yi aiki, kuma sun san tsohuwar talabijin za ta narkar da ɗigon nan su haɗe. Kamfanonin ma sun sha ba shi abin faɗa. Da aka kai Final Fantasy VII kwamfuta a 1998, an mayar da kiɗan Nobuo Uematsu wani abu mai ƙarar gwangwani, an kuma ƙara wa mutanen ciki baki, wasu a hangame kamar an ba su labarin rasuwa. A 2015 Final Fantasy VI ya iso Steam da zanen da aka yi wa wayar hannu. A 2018 aka maimaita da Chrono Trigger, jama'a suka yi caa, sai da kamfanin Square Enix ya yi ta aiko da gyara har ya dawo da zanen asali. Malam Da-Can ya haddace waɗannan shekaru fiye da shekarun haihuwar 'ya'yansa.

Yana da ƙane, Alƙalin Haruffa. Shi bai damu da labari ba, bai damu da kiɗa ba, rubutun da ke fitowa idan mutanen wasan suna magana kawai yake dubawa. A 2021 aka fara sake fitar da Final Fantasy shida na farko da sunan Pixel Remaster, zane mai kyau, kiɗa sabo fil, amma haruffan sirara ne masu matsatsi. Alƙali ya yanke hukunci tun kafin ya ga dodo na farko. Sai a 2024 aka ba masu kwamfuta zaɓin haruffa irin na da, shi kuwa ya ce ai an makara.

Wanda na fi girmamawa a zauren shi ne Sarkin Gyara. Kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata zai saki wasa a karkace, shi kuma ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa ya miƙe shi, kyauta. Uban gidan wannan sana'a shi ne Peter Thoman, masanin kwamfuta a Ostiriya, wanda aka fi sani da Durante. A 2012 aka kai Dark Souls kwamfuta bayan 'yan wasa sun yi ta roƙo, sai aka tarar an ɗaure hoton a ƙaramin ma'auni, komai girman allonka. Ranar da wasan ya fito Durante ya saki maganin abin, wanda ya kira DSfix. Daga baya kamfanoni suka ga gara su biya shi tun farko, ya yi aikin Trails of Cold Steel na kwamfuta, har ya kafa PH3 Games da abokansa. Irinsa ne suka yi Moguri Mod, wanda ya wanke wa Final Fantasy IX garuruwansa da suka fito a dushe.

Sai dai kowane Sarkin Gyara yana da mabiya dubu da suka ɗauki rabin karatun. Mabiyin zai sauke wasa ranar Juma'a, ya ɗora gyaran hoto, ya ɗora na kiɗa, ya ɗora na fassara, na uku ya ƙi jituwa da na farko, wasan ya ƙi tashi. Ya goge komai ya sake. Ranar Lahadi da dare abin ya tashi lafiya, ya zagaya da jarumin cikin garin farko na minti goma, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai, ya kashe. Ba zai sake buɗe shi ba har abada. Tambaye shi ƙarshen labarin, sai ya ba ka sunan manhaja.

Tafinta kuwa mutum ne mai haƙurin da ba a saya a kasuwa. Japan ta riƙe wasanni da yawa ba ta fassara ba, har lissafi ya rikice: Final Fantasy na huɗu aka sayar wa Amurkawa da sunan na biyu, na shida da sunan na uku. Na biyar, wanda ya fito a 1992, wasu matasa ne da suka kira kansu RPGe suka fasa cikinsa suka mayar da shi Turanci a 1998, kafin kamfanin ya motsa. Mother 3 na 2006 masoya ne suka fassara shi a 2008. Ladan Tafinta shi ne wani da bai san harafin Japananci ko ɗaya ba ya rubuto masa cewa ya ɓata ma'ana.

Akwai Alhaji Sauri. Yana da iyali da shago, ba shi da awa arba'in ta yawo a daji ana tare shi da faɗa duk taku biyar. Shi aka yi wa maɓallan zamani: a Final Fantasy VIII na 2019 ya ninka gudu sau uku ya kashe faɗan hanya, a na tara ya kunna wanda kowane sara ke cire 9999. Ya gama cikin kwana biyu, ya ce bai ga abin da ake zuzutawa ba. Malam Da-Can ba ya amsa sallamarsa. Ni dai ba na ganin laifinsa ƙwarai, don yawancin faɗan nan an cusa su ne don kada yaro ya gama kaset mai tsada da wuri.

A ƙofar zaure kullum akwai mutum biyu suna musu. Ɗaya Mai Fatawa ne, wanda da ya ji an ambaci emuleta zai ce sata ce. Ɗayan Mai Rumbu ne, yana da wasanni dubbai a cikin kwamfutarsa, bai biya ko sisi ba, bai buga ko goma ba, ya ce tarihi yake adanawa. Mai Rumbu zai kawo shari'ar Sony da Connectix ta shekarar 2000, inda kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan masu emuleta. Mai Fatawa ya mayar masa da emuletar Yuzu, wadda masu ita suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a 2024 suka rufe. Kowannensu shari'a ɗaya ya sani, kuma ta ishe shi.

Namu na gida ya fi ba ni dariya. Yanzu yana cewa wasannin nan sun tuna masa da yarinta, alhali a shagon gem na unguwa ƙwallo da Mortal Kombat aka buga, ana biyan kuɗi wasa-wasa, na baya yana jiran ka sha kashi ka miƙa masa hannun. Wane mai shago ne zai bar ka ka zauna karanta hirar sarki da gimbiya, ga layi, ga NEPA na iya ɗauke wuta kafin ka kai wurin ajiya? A kan laftof ɗin kwance ya fara ganinsu, da gemunsa. Ba abin kunya ba ne, kewar ce dai ta aro.

Can a kan kujera mai laushi kuma Kamfani ne ke zaune, shi ma mutum ne mai halinsa. Final Fantasy na farko ya sayar da shi a Famicom, da WonderSwan Color, da PlayStation, da Game Boy Advance, da PSP, da waya, da kwamfuta, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke saye. Amma ajiya ba ta dame shi ba. Tetsuya Nomura na Square Enix da bakinsa ya ce bayanan asali na Kingdom Hearts na farko sun ɓace, sai da aka sake gina abubuwa da yawa don fitowar 2013. Da sabon Pixel Remaster ya zo kuma, aka janye tsofaffin na biyar da na shida daga Steam. Duk ranar da irin wannan ta faru, Mai Rumbu kan yi tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Mai karatu, in kana son shiga, ka nemi Chrono Trigger, wanda yanzu an gyara shi. Kada ka ɗora masa komai, kada ka nemi shawarar kowa a cikin mutanen nan sai ka gama, kuma ka riƙa ajiye wasanka a duk inda aka ba ka dama.