Alhaji, Naɗe Hannun Rigarka Mu Gani

Ku 'yan majalisar gindin dalbejiya, masu cewa ma'aikatan lafiya ba abin da suka iya sai yawon ƙauye da akwatin ƙanƙara suna cin alawus, maganarku ta iso ni. Duk wanda ya ba sittin baya a cikinku, ya naɗe hannun riga. Wannan tabon na damtsenka, Alhaji, ba daga kan jaki ka faɗo ba. Lamba ce, kuma da kuka aka yi maka ita.

To, yaushe rabonka da ganin yaro mai zanzana a fuska? Agana fa cuta ce da kan kashe kusan uku cikin goman da ta kama, ta bar wasu da makanta. Yanzu jikanka ko sunanta bai sani ba. Za ka ce ai Allah ne ya ɗauke ta. Ƙwarai kuwa, amma da hannun wa?

A watan Disamba na 1966 ta ɓarke a yankin Ogoja, a gabashin Najeriya. Wani likita ɗan Amurka, William Foege, ya duba maganin da ke hannunsa, ya ga ba zai ishi kowa ba. Sai ya nemi 'yan mishan ta rediyon oba-oba, suka tura mutane ƙauye-ƙauye su gano inda masu ciwon suke. Aka yi wa mutanen gidajensu lamba, aka yi wa maƙwabta, aka bi har kasuwannin da suke ci. Cutar ta rasa jikin da za ta faɗa, ta mutu a tsaye. Dabarar da talauci ya haifa ke nan, kuma ita duniya ta ɗauka. Najeriya ta rabu da agana a 1970. Mutum na ƙarshe da ta kama, ban da hatsarin ɗakin gwaji, shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta Somaliya, a 1977. Ya warke, daga baya ma ya shiga aikin rigakafin shan inna, wanda na san a nan ne ciwon kanku yake. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an gama da ita.

Na ga Malam can yana gyara zama: "To in sun isa, me ya hana su kashe kwalara?" Sannu da ƙoƙari! Agana ba ta da gida sai jikin mutum. Kwalara kuwa tana da masauki a rijiyar da ka haƙa kusa da masai, kuma duba-gari ya yi maka magana ka ce ya raina ka.

Duk da haka an karya mata lago. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, amai da gudawa suka afka wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari a manyan durom, ya ba dangin marasa lafiya kofuna su riƙa ɗura musu. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ku kuwa in ba a tsira muku allura ba, sai ku ce likitan bai san aiki ba. Abin duka lita ɗaya ne na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kama ba mara lafiya ana hanyar asibiti. Sukarin da kake zuba wa shayinka na safe ma ya fi haka, Alhaji, kada ka musa.