Mazhabobin Masu Jarkar Fetur

Tun da injin ban ruwa ya kori jigo daga bakin rafi, har ya zamana ba ka ratsa fadamun Kura da Kadawa da rani ba tare da rurin Honda ya cika maka kunne ba, wata baƙuwa ta sauka gidajen masu lambu, wadda kakanninmu ba su san ta ba, watau jarkar fetur. Wanda kuwa ya yi nazarin yadda jama'a ke mu'amala da ita zai tarar sun rarrabu, kowa da mazhabarsa.

Akwai Malam Mai Tawakkali, wanda saboda tsoron ɓarawo yake tura jarkarsa ƙarƙashin gado, a ɗakin da uwargida ke shigo da kaskon wuta cikin hunturu. In ka yi masa nasiha, sai ya ce ai wuta tana can, mai yana nan, abin da aka ƙaddara kuwa ba makawa. Haƙiƙa haka ne, amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce tawakkali ya kore riƙo da sababi ba. Abin da ya ɓuya ga Malam shi ne, tururin fetur ke kamawa, ga shi ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa ba mai ganinsa har ya iske garwashi, sa'an nan wuta ta biyo sawunsa zuwa jarka. Mazaunin wannan baƙuwa shi ne inuwa mai iska, a wajen ɗakin kwana, nesa da murhu, bakinta a rufe gam.

Ƙanen Malam shi ne Sarkin Gaggawa, mai ɗura wa inji mai yana cikin aiki, ba mazurari, taba a baki, domin a ganinsa kashe inji a jira ya huce almubazzaranci ne da lokaci. Da girarsa ake gane shi, in akwai saura. Abokinsa Mai Tiyo kuwa da baki yake zuƙo mai daga tankin babur, ya wuni yana gyatsar gidan mai.

Sai Alhaji Mai Hangen Nesa, wanda tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ƙudurta ba za a sake shammatarsa ba, ya cika jarkoki har wuya, bai bar wa tururi sarari ba, ya jera su a rana suna kumbura. Fetur ba gero ba ne da zai shekara a rumbu. Bayan 'yan watanni ƙarfinsa ya tsere, ya bar danƙon da ke toshe kafireta. Da inji ya ƙi tashi ranar dashen albasa, sai Alhaji ya yanke hukunci cewa bakanike ne maha'inci.

A kan Mai Kwalbar Lemo, mai ajiye fetur a kwalbar lemo, ba na raha, domin yaro mai ƙishirwa ba ya bambance lemo da fetur. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, gama man da ya faɗa huhu shi ne halaka. A garzaya da shi asibiti.

Ga kuma Jarumi Mai Guga, wanda da ganin wuta zai sheƙa mata ruwa, alhali fetur bisa ruwa yake yawo, sai ya raka wutar har bukkar maƙwabci, ga yashi jibge a gabansa.

Na ƙarshensu Mujtahidi ne, mai injin feshi irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Maƙeran injin sun rubuta ƙa'ida a jikinsa, wani kashi 1 cikin 50, wani 1 cikin 25, amma shi da ido yake ƙiyasi: yau ya cika, hayaƙi ya turnuƙe lambu, gobe ya rage, inji ya ƙone. Duk da haka, in aka ce in zaɓi maƙwabci a cikinsu, shi zan ɗauka, domin shi kaɗai ne ɓarnarsa ke tsayawa a aljihunsa.