Daga Bronx Zuwa Ga Taubashina Sarkin Wayoyi

Ina fatan kana lafiya, da Inna da amarya da yara. Ina kuma fatan haƙoranka suna nan ƙalau, don na san har yau da su kake feƙe waya a Ƙofar Ruwa.

Taubashi, yau labarin sana'arka na kawo maka. Motar da nake rabon kaya da ita Ford Transit ce, tana da makunnai huɗu na ƙari a gaban direba. Na haɗa musu fitilar ɗakin kaya da fanka da ɗan firij. Amma da zarar na kashe inji sai duk su ɗauke, domin wutar da ke tayar da rilensu ta makulli take biyowa. A birnin New York kuwa doka ta hana ka tsaya inji na aiki fiye da minti 3, kusa da makaranta ma minti 1 ne. Ga zafin bazara, ga zoɓona yana ɗumi kamar shayi!

Na san maganinka: ka jawo waya daga batir kai tsaye, ka naɗe da leda, in fiyus ya ƙone ka cusa takardar sigari, ka ce Allah ya tsare. To, nan ba haka aka yi ba. Na kai motar wurin mai gyara, ya buɗe ƙarƙashin kujerar direba, don a can batirin yake. Ya raba wayar rile da layin makulli, ya mai da ita layin da ba ya rasa wuta, ya sa fiyus dab da batir, daidai da kaurin wayar.

Sai ya zaunar da ni muka yi lissafi. Firij mai cin amfiya 4, in ya kwana awa 10 yana aiki, ya sha amfiya-awa 40. Batirin tayar da mota ba don wannan aka yi shi ba. Motar kuma otomatik ce, ba ta tashi da turi, balle ka tara yaran unguwa kana ba su umarni kamar yadda ka saba. Saboda haka ya ƙara batir na biyu domin firij, da na'urar da ke haɗa su in inji na aiki don su yi caji tare, ta raba su in an kashe. Yanzu komai firij ya sha, da asuba murɗi ɗaya mota ta tashi.

Batun kuɗin shara kuwa, sai na zo mu yi shari'a gaban Inna. Kafin nan, don Allah ka bar takardar sigari. Fiyus kuɗinsa kaɗan ne, motar da ta kama wuta kuwa ba ta dawowa, kuma amana ce mai ita ya ba ka.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Naka,
Ubangidanka na Amurka