Yadda Za Ka Shiga Kantin Nintendo Na New York Ka Fito Da Sauran Mutuncinka

Da farko dai ka cire wa ranka cewa sayayya za ka je. Mai son na'urar wasan bidiyo kawai yana iya yin oda yana kwance a kan gado, a kawo masa har ƙofar gida. Wanda ya wanke ƙafa ya tafi lamba 10 a dandalin Rockefeller, a tsakiyar Manhattan, wani abu daban ne ya kai shi, kuma ko ka ritsa shi ba lallai ya iya faɗa maka ko mene ne ba. Wannan ba ya bukatar shawarata. Kai nake ji, kai da ka je Amurka taro ko ziyara, ɗan ƙanwarka da aka haifa a Bronx ya kafe cewa lallai sai Kawu ya raka shi, kai kuma ka amsa don kada a ce ba ka da kirki.

Hanya ba ta da wuya. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai harafin B, D, F ko M, ka sauka a tashar Rockefeller, ka nemi titi na 48. Abin lura ɗaya ne: a ginin nan ne tashar NBC take gabatar da shirinta na safe, Today, saboda haka in ka tarar da cincirindo da sassafe, ka duba layin da za ka shiga. Akwai masu jiran kyamara ta hasko su su ɗaga wa dangi hannu, akwai masu jiran Mario. Za ka gane na biyun da kujerun naɗewa da barguna, da fuskar mutanen da suka riga suka sallama wa barci.

Za ka kuma ga jajayen huluna birjik. Kwantar da hankalinka. Na san jar hula tana da ma'ana a Kano, tana da wata ma'anar daban a siyasar Amurka, amma a nan ta mai gyaran famfo ce, ɗan gajeren nan mai gashin baki. In akwai harafin M a gabanta, Mario ne. In kore ce mai harafin L, ɗan'uwansa Luigi ne, wanda ya fi shi tsawo ya kuma fi shi tsoro. Kada ka tambayi mai gemu ɗan shekara 40 dalilin da ya sa ya saka. Shi ma yana mamakin yadda ka zo babu.

Yanzu sai batun yadda za ka ɓoye jahilcinka, domin yaron da ka rako yana sa ido, kuma zai ba uwarsa rahoto. Dabara mafi sauƙi ita ce ka kira kantin da tsohon sunansa. A 2001 aka buɗe shi da sunan Pokémon Center, a 2005 ya koma Nintendo World, a 2016 aka yi masa kwaskwarima ya zama Nintendo New York. Kai ka tsaya a na tsakiya. Ka ce "lokacin da ake ce masa Nintendo World", ka ɗan yi ajiyar zuciya, ka yi shiru. Nan take za a ɗauke ka dattijon harka, kamar yadda duk wanda ya ce NEPA a gida aka san ya daɗe yana jiran wuta. In yaro ya matsa, ka jefa masa babba: kamfanin nan a 1889 aka kafa shi a Kyoto, wani Fusajiro Yamauchi ya kafa shi, kuma karta yake bugawa, irin ta Japan mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Ya girmi haɗewar Najeriya ta 1914 da shekara 25. Wannan za ta saya maka kamar minti 10 na girmamawa, ka yi tattalinsu.

Kuskure ɗaya ne ba a yafewa a cikin ginin nan. Za ka ga gunkin wani saurayi mai dogayen kunnuwa da takobi da garkuwa, a kusa da shi an rubuta Zelda. Kada ka nuna shi ka ce ga Zelda. Sunansa Link. Zelda gimbiya ce, ita yake ta wahalar ceto tun 1986, sunanta ne a kan wasan, shi kuma aikin ne nasa, kamar direban da ke tuƙa motar da aka rubuta wa sunan Hajiya. In bakinka ya suɓuce, ka yi tari ka ce wasa kake. Sauran sunaye kana iya damawa yadda ka ga dama. Mugun da ke sace gimbiyar Mario sunansa Bowser, kuma a 2019 kamfanin ya naɗa wani bawan Allah mai suna Doug Bowser shugaban reshensa na Amurka. Sunansa ne na gaskiya tun haihuwa. Masoya sun yi shekaru suna dariyar wannan, kai ma ka yi in ka ga ana yi.

Mu zo kan kuɗi. Ka bar halin Kantin Kwari a bakin ƙofa. Ba a taya, ba a cewa albarka, ba gyara, kuma tafiyar nan da kake yi a hankali don a kira ka a ce dawo ka kawo, babu mai kiranka, sai dai na bayanka ya gode maka. Abin da aka rubuta shi za ka biya, har da ƙari, domin a New York sai a wurin biya ake ɗora harajin saye, kusan kashi 9 cikin 100. Amma suturar da ba ta kai dala 110 ba an yafe mata. Wato dokar birni da kanta tana ba ka shawarar ka lallaɓa yaro ya haƙura da riga. Ba zai haƙura ba, amma ka gwada.

Wurin da ya fi haɗari shi ne ɓangaren 'yan tsanan Pokémon. A 1996 halittun nan 151 ne, yanzu sun haura 1,000, kuma an gina wasan ne a kan cewa sai ka tara su duka. Ka yi lissafin da kanka. Ka yanka wa yaro adadi tun a cikin jirgi, a gaban shaidu. Akwai kuma ƙananan gumakan roba da ake kira amiibo, waɗanda suka fito a 2014, ana ɗora su a kan na'ura su buɗe wani abu a cikin wasa. Manya suna saye biyu-biyu, ɗaya na amfani, ɗaya ba za a taɓa fasa kwalinsa ba har abada. Kada ka yi dariya. Ka tuna kwanukan da ke jere a kabet ɗin gidanku, waɗanda ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba.

Za a ba ka labarin wata na'urar wasa ta hannu, Game Boy, da ta ƙone a yaƙin Tekun Fasha na 1991, lokacin da bam ya faɗa barikin da mai ita yake. Robar ta narke ta yi baƙi ƙirin, amma tana kunnuwa, kuma ta yi shekaru a cikin gilashi a kantin nan tana nuna wasan Tetris. Gaskiya ne. Sai dai kada ka ɓata lokaci kana nemanta, an ɗauke ta a 2023. Wannan ma dama ce: ka tsaya a kowace kusurwa ka ce a nan take da. Babu mai ƙaryata ka sai ma'aikaci, shi kuma an horar da shi kada ya yi gardama da mai saye.

In ka yi sa'a, ko rashinta, ziyararka za ta faɗo ranar da kamfanin ke sanar da sababbin wasanni a shirinsa na intanet, Nintendo Direct, wanda ya fara a 2011. Kowa yana iya kallo a wayarsa kyauta. Duk da haka akan samu ranakun da mutane ke cika hawa na biyu, su zauna a ƙasa gaban wani ƙaton allo don su kalla tare. Talla ce fa, tallar abin da za a sayar musu. Amma wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar wasan ƙarshe ba shi da bakin magana. Ƙa'idar ita ce ka bi jama'a. In an yi ihu, ka yi. In an dafe kai, ka dafe. A 2019 an sanar cewa za a saka wata dabbar beyar mai goye da tsuntsuwa a jaka, Banjo da Kazooie, cikin wasan dambe na Super Smash Bros., ƙarti suka dinga tsalle suna rungumar waɗanda ba su sani ba, bidiyon ya zaga duniya. Ka tuna da haka, domin wayoyi da yawa suna ɗauka. Mutumin da ya tsaya ƙiƙam da hannu a aljihu a tsakiyar masu murna shi ake fara ganowa, kuma 'yan gidanku suna da data.

Babban gwaji dai shi ne daren fitowar sabuwar na'ura. Ƙarfe 12 na dare ake fara sayarwa, amma wannan lokacin kammalawa ne, aikin ya fara tun tuni. Da za a fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yunin 2025, a kan dala 450, wani matashi mai ɗora bidiyo a YouTube ya kama gurbin farko tun watan Afrilu. Wata biyu ke nan. In kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Kuma na farko da na ɗari duk na'ura iri ɗaya za su karɓa, a farashi ɗaya, bambancin kawai shi ne na farkon za a ɗauke shi hoto. Matashin dai ya yi dace da lokacin zafi ya kusa. Amma na'urar Wii a Nuwamban 2006 ta fito, Switch ta farko ranar 3 ga Maris ɗin 2017, lokacin da iskar Manhattan ke sa mutum ya nemi gafarar hunturun gida bisa duk zagin da ya taɓa yi masa.

In ƙaddara ta sa ka a layin nan, abu na farko shi ne ka binciki ƙa'idar ranar tun kafin ka baro gida. Wani taron sai ka yi rajista ta intanet, wani kuma awarwaron takarda ake ɗaura wa mutane a hannu, wanda bai samu ba ya yi tsayuwar banza. Bayan wannan, duk dukiyarka mutum biyu ce: na gabanka da na bayanka. Su za su riƙe maka gurbi in ka zaga, kai ma ka riƙe musu. Ka gaishe su da kyau, ka tambayi wasan da suka fi so, ka saurari amsar, wadda za ta kai awa guda. Kada ka yi tunanin guzurin kilishi daga gida, jami'an kwastam na Amurka ba sa barin nama ya shiga, a filin jirgi za a raba ku. Ka gangara titi na 53 wurin masu kekunan shinkafa da kaza na halal. Can ma layi ne, amma aƙalla wannan ka san abin da kake jira. Ka riƙe cajar tafi-da-gidanka, ita ce goron wurin, wanda ka ara wa ya zama naka har gari ya waye.

Kuma kada ka ɗauka kuɗi kaɗai ke saye. Lokacin Switch 2, masu son yin oda kai tsaye daga kamfanin an fifita waɗanda suka yi shekara suna biyan kuɗin mamba, suka kuma buga wasa na aƙalla awa 50. A Japan ƙuri'a aka jefa, mutum kusan miliyan 2 da dubu 200 suka nema a zagayen farko. An yi haka ne don a toshe 'yan kasuwar bayan fage masu saye su ninka. Amma ka duba yadda duniya ta juya: abin da ake dukan yaro a kansa a gida, shi ne takardar shaidar cancanta a nan.

Akwai abu ɗaya da ba na yi wa raha. A Yulin 2015 shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya rasu yana da shekara 55. Shi ne ya saba fitowa da kansa a Nintendo Direct yana yi wa mutane bayani. Masoya suka dinga zuwa kantin nan suna ajiye furanni da zane-zane da 'yan wasiƙu, ga mutumin da yawancinsu ba su taɓa gani ido da ido ba. In wani a layi ya ambaci sunansa muryarsa ta sauya, ka yi shiru irin na zaman makoki.

In hanyarka ta Japan ce, kantin Tokyo yana hawa na 6 a ginin Shibuya Parco tun 2019, akwai na Osaka da na Kyoto, kuma gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a Uji a 2024 tikitinsa ma da ƙuri'a ake fara rabawa. Gargaɗi ɗaya ga mai karɓar sautu: za ka ga Switch 2 mai araha a can, kada ka yi murnar abin nema ya samu. An yi ta ne don 'yan ƙasa, Japananci kaɗai take ji. Ka kai wa yaro ita Zariya ka ga yadda zumunci ke lalacewa.

To, ka biya, ka fito da jar leda, aljihu ya yi sauƙi, yaro yana ta godiya da Hausarsa ta Bronx. Saura mataki na ƙarshe, kuma shi ne ya fi kayar da dattawa. Dare zai yi, yaro zai yi barci, na'urar tana kan tebur. Za ka tuna wata 'yar na'ura mai kaset rawaya da ka taɓa bugawa a gidan maƙwabta kana ɗan firamare, ka ce bari ka duba ko hannu bai manta ba. Ya manta. Ramin farko za ka faɗa, sau bakwai a jere. Ka rage sauti, ka ja labule. Ka kuma sani na'urar tana ƙirga awoyin da aka yi a kanta, ba ta mantuwa. Ran da yaron ya duba ya zo yana tambaya, ka gyara zaman hularka ka ce masa awa 50 ɗin nan kake tara masa saboda layi na gaba.