Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Garau-garau

Ranka ya daɗe,

Ina yi maka barka da fama da jama'a. A miƙa gaisuwata ga muƙarraban fada: Man Ƙuli, da Yaji, da Albasa, da kuma Salak, wanda kwana biyu ba ma ganinsa sai in an yi baƙo.

Ni ɗalibi ne daga cikin talakawanka, mazaunin Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, irin waɗanda ba su da gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Sai mu yi sammako mu hau adaidaita sahu, mu sauka mu sake hawa wata, kafin mu hango ƙofar makaranta. Duk wanda ya san hanyar nan ya san cewa kafin ɗan Panshekara ya isa Kabuga, direbobi sun riga sun karya da kuɗin karin kumallonsa. Abin da ya yi saura a aljihu kuwa naka ne, ba mai ja da kai. Tunda haka ne, ina ganin ina da bakin magana a gabanka.

Yallaɓai, na bincika ban ga takardar da aka naɗa ka da ita ba. Majalisar jami'a ba ta zauna a kanka ba, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ba ta tantance ka ba, ba ka cikin kasafin kuɗin kowace shekara. Amma daga tsohuwar jami'ar Bayero zuwa sabuwarta ta kan titin Gwarzo, daga Sa'adatu Rimi zuwa Wudil, kai ne ma'aikatar ciyar da ɗalibai. Kujerar da kake kai tana da mai ita a da, kuma ina so in tuna maka yadda aka yi ya bar ta, don na lura kwanan nan ka fara mantuwa.

Wanda ka gada sunansa Tikitin Abinci. Ban riske shi ba, amma kawuna ya yi zamani da shi a Samaru, kuma ba ya gajiya da ba mu labarinsa, musamman in ya ga muna cin ka. A cewarsa, ɗan littafi ne ake ba ɗalibi, ya yagi falle ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Ka ɗauki tire ka bi layi a kafteriya, a zuba maka, ka zauna a kan kujera gaban tebur kamar ɗan mutane. Da safe shayi da burodi da ƙwai. Ranar Lahadi kuwa kaza. Wannan kazar ta Lahadi, ranka ya daɗe, duk shekara ƙara girma take yi a bakin kawu. Muna yara cinya ce. Da muka shiga sakandare ta zama rabi. Bara da sallah na ji yana gaya wa ƙannena cewa sai da mutum biyu suke kama ta. Ba na ƙaryata babba, na dai rubuta yadda na ji.

Abin da ba labarin kawu ba ne shi ne na 1978. A shekarar, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Dakta Jibril Aminu ne ke riƙe da hukumar jami'o'i, Kanar Ahmadu Ali kuma shi ne kwamishinan ilimi na tarayya, don haka sunansa ɗalibai suka kama suna cewa lallai sai Ali ya sauka. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta fito da jami'o'i kan titi a watan Afrilu. A nan raha ba ta da wuri: an harbe Akintunde Ojo a Legas, an rasa rayukan ɗalibai a Zariya, an rufe makarantu, an haramta ƙungiyar. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Bayan shekara shida, a 1984, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta janye tallafin ciyarwa a jami'o'i, Tikiti ya tattara nasa ya nasa. Aka wayi gari ɗalibi da cikinsa kowa tasa ta fisshe shi.

A wannan giɓin ka shigo, ba da ganga ba, ba da algaita ba. Ka shigo a cikin kula, a kan teburin katako, ƙarƙashin rumfar kwano. Na yaba maka da wannan. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe nasu tsarin, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna da ɗakin cin abincinsu na tikiti mai rangwame. A Amurka kuma ɗalibi kan biya kuɗin abincin zango gaba ɗaya, a ba shi kati ya riƙa gogawa a bakin ƙofa yana shiga. Mu ma muna da tsari, kada wani ya raina mu. Namu da lissafi ake yin sa: 1-0-1 ga wanda gidansu ke da hali, 0-1-0 ga mu matsakaita, 0-0-1 ga wanda wata ya yi wa nisa. Wannan ɗayan da ke tsaye shi kaɗai tsakanin sifiri biyu, kai ne, Yallaɓai. Ko ɗan sashen Larabci da ya rantse ya rabu da lissafi tun sakandare ya iya wannan.

Kada ka ɗauka zaɓen wurin cin abinci ƙaramin ilimi ne. Sabon ɗalibi shi ne za ka gani a makon farko ya nufi Coke Village kai tsaye, ya zauna ya ce a kawo soyayyiyar shinkafa da kaza da lemo mai sanyi, har yana cewa abokinsa ya ƙara. Ba a hana shi. Kafin wata ya raba, da ƙafarsa zai zo yana tambayar inda rumfarka take, murya ƙasa-ƙasa. Tsohon ɗalibi kuwa ba ya duba allon suna ko fentin shago. Hannun mai zubawa yake kallo. Ya san rumfar da ake cika cokali da wadda ake girgiza shi, ya san inda ake yin gyara da inda in ka ce "a ɗan ƙara" za a dube ka sama da ƙasa, ya san wadda ruwan randarta kyauta ne da wadda sai ka sayi fiya wata. Ya kuma san lokaci. Wanda ya zo da hantsi ya sami saman kula, fari tas, wake ɗai-ɗai. Wanda ya yi haƙuri har bayan azahar shi ke dacewa da gindin kula, inda waken ya taru ya yi laushi, wani lokacin har da ɗan ƙanzo. Akwai kuma ranar da mutum zai ga wadda yake so ta tunkaro, ya tura farantinka ƙarƙashin benci ya goge baki, ya ce ai shi ya ƙoshi tun gida. Ka yafe mana wannan, ƙuruciya ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, maganar wake. An san ka shinkafa da wake, kowa da rabonsa. Amma a 'yan shekarun nan in aka zuba ka a faranti, mutum na iya ƙirga waken bai ajiye cokali ba. Wani abokina ɗan sashen ƙididdiga ya so ya yi kundin kammala karatunsa a kan haka, sai ya ga abin da zai ƙirga bai kai a kira shi bincike ba. Muna da Dawanau a garin nan, kasuwar hatsin da ake lodin wake zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta, to ina waken yake tafiya da ba ya biyowa ta farantinmu?

Sai mai. Ka dubi abin da ake yi da idonka. Gorar ruwa ce ta roba aka cika da man ƙuli, aka huda murfin da ƙusa. Mai zubawa za ta kifa ta, ta zagaya farantin sau ɗaya, sharaf, ta ɗauke. A da ƙusar babba ce, ta rufin ɗaki. Yanzu na rantse da allura ake huda murfin. Man yana sauka siriri, kafin ya taɓa shinkafa iska ta kwashe rabi. Kana cewa "Hajiya, mai bai ji ba," sai ta sake kifa gorar ba tare da ta matsa ba, ta ce, "To ga shi nan, Malam, ka san kuɗin jarka kuwa?" Yajin ne kaɗai bai canza hali ba. Shi har yanzu ana zuba shi da yalwa, don a sa mu sha ruwa cikin ya cika.

Ban ce laifin Hajiya ba ne. Ita ma siyowa take yi, ga itace ko gas, ga kuɗin rumfa, ga yaran da ke wanke-wanke. Kai nake tuhuma, don kai ne kullum da uzuri. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ka ce shinkafa ta yi tsada, alhali mun san kai ɗan gida ne, daga Kura da Bunkure da Garun Malam kake. Aka buɗe iyaka a ƙarshen 2020, ba ka sauko ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, ka sake hawa, ka ce kuɗin mota. To mu da muke hawa motar da kanmu fa? Yanzu asusun ba ɗalibai rance na NELFUND yana ba wanda ya samu naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Raba ta gida 30, ranka ya daɗe, naira 666 ce da 'yan kwabbai a yini. A ciki za a hau mota, a yi hoton takardu, a sayi data, sannan a zo gare ka. Kuma rance ne, wato ƙwan da na ɗora a kanka yau sai na fara aiki zan biya shi.

Akwai kuma ƙarar da malamai suka ba ni in isar. Sun ce duk laccar ƙarfe biyu na rana kai kake koyar da ita, su tsayuwa kawai suke yi. Malam yana gaban allo yana zuba bayani, layin baya kowa ya sunkuya yana gyaɗa kai, shi yana zaton fahimta ce. Batun abin da waken ke haddasawa a ɗakin lacca mai cunkoso ranar da babu wuta fanka ta tsaya, wannan ba zan rubuta shi ba, wasiƙar buɗaɗɗiya ce.

Ina kuma so ka sani kana da 'yan adawa. Indomie ta daɗe tana zawarcin kujerarka, ta haɗa kai da masu shayi tana yaƙin neman zaɓe da daddare. Awara ta kwashe mata. Ɗan wake da gurasa suna nan suna jiran ka yi kuskure. 'Yan hostel masu risho da 'yar tukunyar gas sun fara dafa ka da kansu ba tare da izininka ba. Can ƙarshen layi kuma ga Garin Kwaki, wanda ba ya kamfe ba ya liƙa fosta, ya san ƙarshen wata kowa zai zo da kansa, da ƙuli-ƙuli ko babu. In an yi wa Tikiti abin da aka yi a kan kwabo 50, kai da kake ƙara ɗaruruwa ba sanarwa, ai gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta tuntuni, ban ga kana neman ruwa ba.

Duk da haka ba zan ci amanarka ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗakunan lacca suka yi ƙura, masu rumfuna suka yi asarar ciniki, amma kai ba ka taɓa tafiya yaji ba, duk da kullum kuna tare da shi. Lokacin ne da yawa daga cikinmu 'yan Panshekara muka nemi aikin yini a kamfanonin Challawa da Sharada, wasu majema, wasu kamfanin roba. Ana tashi hutun rana, muka fito bakin get, wa za mu gani? Kai ne, a kan benci, tsakanin leburori da direbobin manyan motoci, da gorarka mai hudar allura. A nan na ga wani da ya gama digiri shekarun baya yana ci kusa da ni, ya ce mini kada in damu, kai ba a kammala ka, daga aji ɗaya har bautar ƙasa har neman aiki ana tare.

Saboda haka zan rubuta wa duk jami'ar da ta yarda ta saurare ni cewa a bikin yaye ɗalibai na gaba a ba ka digirin girmamawa. An sha ba mutanen da ba su taɓa ciyar da ɗalibi ko ɗaya ba. Kai kuwa likitoci nawa, lauyoyi nawa, injiniyoyi nawa suka fito daga ƙarƙashin rumfarka? A sa maka alkyabbar nan da hula mai tuntu, Hajiya ta karɓa a madadinka, ita ce ma ta fi cancanta. Sharaɗina kawai a dawo da babbar ƙusa, a ƙara wake yadda sai an gaji da ƙirga, kuma a daina saka Salak a jerin kayan alatu.

In za ka ba da amsa, a aiko ta hannun kowace mai abinci a makaranta, za ta same ni. Sai dai kada a bi ta rumfar da ke kusa da bishiyar darbejiya. Akwai wani ɗan littafi a can da sunana ya cika shafi biyu, kuma na canza hanya sai alawus ya shigo.

Naka mai biyayya,
Wani ɗalibi ɗan jeka-ka-dawo,
Panshekara, Kano.