Yadda Za Ka Zama Malamin Ayari Ba Tare da Abokai Sun Tatse Ka Ba

Ƙanena, tunda samarin Dugoi da kuke zama da su a gindin darbejiya sun ajiye lido da karta sun koma Dungeons & Dragons, kuma sun haɗa baki sun ce kai ne za ka zama kilarik, wato malamin ayari mai addu'a da warkarwa, to ina taya ka murna, ina kuma yi maka jaje. Kada ka ɗauka tsoron Allahnka ne ya burge su. Kowa ya riga ya zaɓi jarumi ko ɓarawo ko matsafi, sai suka tuna cewa dole a samu wanda zai riƙa ɗinke su idan dodo ya yaga su.

Wasan nan Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, sauran kowa ya riƙe mutum guda na ƙage, ƙwaya mai fuska 20 kuma ita ke yanke hukunci. Ba sai ka kai Garwa ko Yawunde neman irin wannan ƙwaya ba, waya ma tana jefa ta, kuma ƙa'idojin farko na bugun 2014 kyauta suke a intanet. Da su zan yi maka lissafi.

Za a ba ka lambobi shida, 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ka raba su ga halaye shida. Babbar ka ba Hikima, domin daga ita addu'arka take samun kaifi. Ta biyu ka ba Juriya, saboda malamin da ya suma ba ya warkar da kowa. Ƙarfi ya samu 13 idan kana son sulke. Ita kuwa 8, ka jefa ta a Ilimi ba tare da jin kunya ba. Ni ma na yi mamakin wasan da malami zai rayu da ƙarancin ilimi, amma da na ɗan waiga cikin gari sai na yi shiru.

Sannan ka zaɓi fanni. Akwai na Haske, na Yaƙi, na Hadari, har da na Yaudara. Sabon shiga ya ɗauki na Rai: warkarwarsa ta fi auki, kuma yana da izinin sa sulke mai nauyi. Sulke da garkuwa za su kai kariyarka 18, ka fito kamar barden lamido ranar hawan sallah. Illarsa ɗaya, sanɗa za ta yi maka wuya. Duk ranar da ayari ya shirya lallaɓawa cikin dare, ƙarar sulkenka ce za ta yi wa abokan gaba sallama. Makaminka kulki ne. A bugun farko ma an hana malami duk wani makami mai kaifi, wai kada ya zubar da jini, ya dai fasa kai cikin ladabi.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. A mataki na farko manyan addu'o'i biyu kacal gare ka kafin ka yi dogon hutu. Biyu. Abokanka kuwa za su ɗauke ka kantin magani mara ƙofa. Jarumi zai ɗan ƙuje gwiwa ya fara kiran "Malam! Malam!" Ka kalle shi da tausayi, ka ce Allah ya sawwaƙe, ka wuce. Wanda ya rage da maki ɗaya na lafiya yana sara daidai da mai cikakkiyar lafiya, haka dokar wasan take. Don haka ka riƙe addu'ar Healing Word sai mutum ya faɗi warwas. Tana kaiwa nisan mita 18, kuma a zagaye ɗaya kana iya tashinsa sannan ka kwaɗa wa wani kulki. Cure Wounds ta fi ta yawan magani, amma sai ka taɓa majinyaci, wato sai ka je ka tsaya daidai inda aka buge shi. Ka yi tunanin wanda ya buge shi yana nan bai tafi ba.

Mafi riba ma ka kashe ɗaya a kan Bless tun farkon faɗa: mutum uku su samu ƙarin ƙwaya mai fuska 4 a kan kowane sara. Dodon da ya mutu da wuri ba ya raunata kowa. Ba wanda zai gode maka a kan wannan. Jarumi zai ce hannunsa ne.

A mataki na 2 za ka iya korar matattu masu tafiya, aikin da tun asali don shi aka ƙirƙiri malamin, lokacin da wani ɗan wasa a teburin Arneson ya addabi kowa da dodonsa mai shan jini. A mataki na 5 kuma za ka samu Revivify, mai dawo da wanda ya mutu bai wuce minti ɗaya ba, amma tana cin lu'ulu'u mai darajar zinare 300. Tun yau ka kafa asusu, kowa ya riƙa zubi. Wanda ya ƙi, ka rubuta sunansa a bayan takardarka inda zai gani.

Sai batun gida. Littafin wasan yana cewa malami ya zaɓi abin bauta daga cikin na ƙage, kuma ba ka son Hajiya ta jiyo ka ta taga kana faɗin irin wannan, ga ƙwaya ana jefawa kamar caca. Amurkawa ma sun yi wannan rigimar a shekarun 1980, iyaye suna cewa wasan shaiɗan ne. Ka gaya wa jagora malaminka yana hidima ne ga gaskiya ko jinƙai, dokar ta yarda da haka. Kuɗi kada su hau tabarma ko da dala ce. Idan aka kira salla, kai za ka fara tashi, don abin kunya ne a ce ɓarawon ayari ya riga malami alwala.

Kuma kada ka yarda a haɗa maka malanta da sayen shayi. Wanda ka tasa daga suma a wasan jiya, shi ne zai kawo sukari da kilishi yau. In ya ƙi, mako mai zuwa ka ce addu'ar ta ƙare.